Famfon Jiratawa Mai Hutun Azahar

Ni ban wuce aji shida na lakwal ba, wato firamare. A Tsibiri aka haife ni, can na yi ɗan karatun da na yi, kuma shekarar da mahaifinmu ya rasu na ajiye jaka na bi wani mai gyaran injin niƙa zuwa Maraɗi. Mutumin nan bai taɓa koya mini komai da baki ba. In ya kwance inji sai ya ce in wanke ƙarafan da kananzir, ni kuwa ina wankewa ina lura da inda kowanne ya fito. Da haka na san inji. Lokacin da masu lambu na bakin gulbi suka fara ajiye guga suna sayen injin ban-ruwa, na riga na san cikinsa da wajensa, sai na kama ɗan shago a Sabon Gari ina sayar da shi da kayan gyaransa. Faransancin da ke jikin kwalaye da kaina na koya, a bakin ciniki da bakin mota. Ban taɓa jin kunyar wannan a gaban kowa ba. Gidan da nake ciki a unguwar Zariya da wannan ilimin na gina shi.

Saboda haka ranar da ɗana na fari ya zo ya ce zai bar jami'a, da sandata ya zo ya buge ni.

Yana shekararsa ta biyu a jami'ar garinmu, yana karatun wutar lantarki da ta sola. Ya same ni a shago bayan la'asar, ya jira sai da mai sayen tiyo ya fita, sannan ya durƙusa ya fara. Ya ce yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai ne ke yi, shekara ɗaya ta zama ɗaya da rabi. Ya ce abin da yake buƙata ya riga ya koya a waya, daga masu nuna yadda ake haɗa sola a bidiyo. Wannan kuwa ba ƙarya ya yi ba, don ya riga ya haɗa wa gidaje da yawa wuta a unguwarmu, har ya sayi babur da guminsa, abokan karatunsa suna tafiya a ƙasa.

Ya ce, "Baba, kai wace jami'a ka yi?"

Na ce, "Ta bayan injin niƙa."

"To. Masu takarda nawa ke zuwa nan suna gaishe ka suna neman ka sa su a hanya?"

"Suna da yawa."

"To ni mi zan zauna yi a aji, ga shago, ga aiki na kirana?"

Na ce ya tashi ya rufe mini ƙofar baya.

Mahaifiyarsa da ta ji, ba ta ga abin doguwar magana ba. Ta ce, "Alhaji, ka ce masa a'a mana. Ba ɗanka ba ne?" Ɗana ne, kuma da na ce a'a zai koma. Amma na san irin komawar: jiki a aji, hankali a kasuwa, bayan wata uku a sake dawowa kan maganar. Ni kuma ina son ya gama karatun nan, so na gaske, ko da yake a lokacin da za a titsiye ni ba zan iya faɗin dalilin da zai ƙaryata rayuwata ba. Abin da na sani shi ne na ciniki: in mai saye ya kafe a kan kayan da ba su dace da shi ba, ba a musu da shi, a kan bar kayan su yi masa magana.

A sana'armu akwai yadda ake yaye yaro. Ubangida ba ya sallamar yaronsa ya ba shi jari sai ya damƙa masa aiki guda ɗungurungum, daga ciniki har haɗawa, shi kuma ya koma gefe ya naɗe hannu. In mai aikin bai dawo da kuka ba har lokacin da aka ɗiba, yaro ya isa. Haka aka yi mini, haka na yi wa waɗanda suka tashi a hannuna.

Aikin kuwa yana nan yana jira. Ina da taubashi a Jiratawa, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa sai mun zagi juna. Yana da lambun zogale babba a gefen gari, inda ruwan kanal ba ya kaiwa, da foraj ɗinsa na kansa, wato rijiyar burtsatse. Tsadar isansi, wato fetur, ta ishe shi, ya daɗe yana damuna in sa masa famfon sola. Na kira ɗana gabansa na ce, "Ga aikin babanka na Jiratawa. Kai za ka zaɓi kaya, kai za ka haɗa, ba ruwana. Yanzu farkon ɗari ne. In ruwa ya yi ta zuba a lambun nan har damina ta faɗi, na buɗe maka shagonka, ka bar jami'a da albarkata. In ya tsaya, ka koma aji ba musu."

Taubashina ya ce, "Wato lambuna ne filin dambenku, kai ɓarawon Sabon Gari?"

Na ce, "Kai dai ka zama shaida. Rabonka da aikin kirki tun da aka yi maka aure."

Yaron ya ce ya yarda. Muka yi musafaha, abin da ban taɓa yi da shi ba.

Ina da lissafina a ciki. Duk sabon mai haɗa famfo a bakin gulbi kuskure ɗaya yake yi. Da ɗari ruwan ƙasa yana kusa, sai ya auna a lokacin ya rataye famfo daidai nan. Bazara na shigowa ruwa ya yi ƙasa, famfo ya koma shan iska. Na ga wannan ya faru da manya, na kuma tabbata masu bidiyon waya ba su san halin ƙasar Jiratawa ba.

Ranar haɗawa na je kallo, na zauna a inuwar darbejiya. Sai na ga yana ta ƙara bututu, yana sauke famfon can ƙasa, ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa ko a shekarar fari. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, ya yi murmushi ya ce, "Baba, a shagonka fa na girma."

Farantan sola kuma ya shimfiɗa su a kan rufin kwanon ɗakin ajiyar lambun, ya ɗaure su tamau, ba ko inda yatsa zai shiga tsakaninsu da kwanon. Wannan ni da kaina na yaba, don haka kowa ke yi a nan: sama, inda akuya ba ta hawa, kwance, inda iska ba ta ɗaga su, a ɗaure, inda ɓarawo zai sha wuya. Da ya kunna, ruwa ya fito da ƙarfi kamar an fasa tulu.

Na koma gida mahaifiyarsa ta ce, "Yaya?" Na ce, "Yaron ya iya aiki." Ta ce, "Ni ba wannan na tambaye ka ba."

Ɗari ya wuce ruwa na zuba. Zogalen taubashina ya yi kore shar, matan da ke saro ganye suna kai wa kasuwar Maraɗi suna layi da buhunansu tun da safe. Maƙwabtan lambu suka fara neman lambar yaron. Shi kuwa ya daina leƙa aji gaba ɗaya, har ya fara nuna mini wani shago da za a saki kusa da tasha. Ni ma na fara saba wa zuciyata da cewa an ci ni. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga ɗansa ya ƙware, ko da ƙwarewar ta kayar da shi.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Wata rana da azahar waya ta yi ƙara, taubashina ne.

"Kai, wanga abin da ɗanka ya sa mini ma'aikacin biro ne?"

"Mi ya faru?"

"Da safe yana aiki kamar bawan Allah. Rana na take tsaka sai ya rufe ofis ya tahi gida ya kwanta. Sai la'asar ya dawo yana miƙa. Ni albashi zan riƙa biyansa ko mi?"

Na ce, "Hala halin mai lambun ya ɗauka."

Na yi dariya a waya, amma da muka je abin ba na dariya ba ne. Sa'o'in da famfon ke kwanciya su ne lambun ya fi buƙatar ruwa, kuma ɗan abin da yake bayarwa safe da yamma ba ya zagaya fili. Ganyen zogale ya fara rawaya yana zuba. Muka duba foraj, ruwa na nan. Muka duba sama, rana kamar ta narkar da mutum. Ni da shi da taubashina da duk wanda ya zo wucewa, magana ɗaya muka yi: ga rana iya rana, to wuta ba ta rasa ba, laifin na famfo ne ko na akwatin da ke sarrafa shi.

Na kai wa taubashina injin isansi aro ya riƙa ja daga wata tsohuwar rijiyarsa, amma ba ta isar ko rabin lambun. Yaron kuwa ya tare a Jiratawa. Ya ciro famfon ya wanke ya mayar. Ya canza wayoyin wuta. Ya canza akwatin da wani sabo. Kowane gyara da safe yake yinsa, famfo ya tashi, ya yi murna, azahar na yi ya kwanta. Yana zaune a gindin bishiya da waya a hannu, wannan mai bidiyon ya ce kaza, wancan ya ce kaza, ba wanda zai iya tambayarsa ina ka sa, yaushe yake tsayawa. Daga ƙarshe ya ce mini, "Baba, kayan ne na jabu."

Bisa sharaɗi na riga na ci. Ruwa ya tsaya, ga shaida. Amma na dubi yaron ya rame ya yi baƙi, na ga in ya koma aji a haka zai koma ne yana cewa ƴan kasuwa suka cuce shi, ba wani abu da ya rage masa ya koya. Kuma ga lambun mutum yana mutuwa a kan sunana. Na tsaya ina kallon yadda yake canza wannan ya canza wancan ko Allah zai sa a dace, na gane aikin, domin da haka na yi rayuwata. Sai dai injin isansi yana da murya, yana da wari, yana tari in ba shi da lafiya. Wutar sola shiru take. Kunnena da hancina da na dogara da su shekara da shekaru ba su gaya mini komai ba.

Na ce masa, "Tafi ka tambayi malamanku."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da wane ido, Baba? Rabona da aji tun ɗari."

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi da kaina. Na sha wuce ƙofar jami'ar nan a mota, ban taɓa shiga ba. Mai gadi ya yi mini kwatance, ɗalibai suka ƙarasa da ni wurin malamar da ke koyar da sola. Mace ce da ba ta kai ƙanwata ta uku ba, hannunta duk alli. Na fara jero mata Faransancina na jikin kwali, sai ta ce, "Alhaji, yi Hausa, ni ma ɗiyar garin nan ce."

Na faɗa mata komai. Ba ta yi saurin magana ba, tambaya ta yi ta yi. Da wane lokaci yake tsayawa? Da ɗari ya taɓa yi? Ranar da aka yi hadari ko iska fa? Sai na tuna taubashina ya ce ranar da hadari ya taso bai yi ruwa ba, famfon bai huta ba sam, har muka yi mamaki. Ta ce farantan nawa ne, a kan me aka ɗora su? Da na ce a kan kwano, kwance, sai ta ɗan yi murmushi ta ajiye allin.

"Wa ya haɗa?"

"Ɗana." Na kwatanta mata shi.

"Au, wanda ya ɓace mana. Yana da kai, Alhaji, na yi ta cigiyarsa."

Na ce ta faɗa mini ciwon in biya abin da ya kamata. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce ta daɗe tana son ta kai ɗalibanta su ga wannan da idonsu, ba ta da motar kai su. Na ce, "Malama, ai ciniki ya faɗa. Mota tawa, magani naki."

Ban gaya wa yaron ba. Ranar da muka isa da ɗaliban cikin motar ɗaukar kayana da wata bas da na yi haya, yana tsugune gaban akwatin famfo da sukundireba. Ya ɗago ya ga abokan ajinsa suna dirowa. Wani ya ce, "A'a, patron! Ashe nan kamfanin yake?" Wata ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauke mu aiki mana." Na ga kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malamar kuwa ta gaishe shi kamar jiya suka rabu, ta yaba yadda ya sauke famfon da yadda ya ɗaure wayoyinsa, sannan ta miƙa masa na'urar awon wuta ta ce shi zai riƙe.

Muka jira har famfon ya yi halinsa, ya kwanta. Ta ce ya auna ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ya faɗa. Ta ce ya hau rufin ya ɗora tafinsa a kan faranti. Ya ɗora ya janye da sauri kamar ya taɓa tukunya a kan murhu. Sai ta sa aka ɗebo ruwan da ya kwana a randa ya sha rana, ba mai sanyi ba don kada gilashin ya tsage, ta ce a riƙa yayyafa wa farantan a hankali da butar ban-ruwa.

Muna tsaye muna kallo. Can sai muka ji akwatin ya yi ɗan ƙara, bututu ya girgiza, ruwa ya ɓalle yana gudu cikin kwarin zogale, da tsakar rana tsaka.

Taubashina ya riƙe baki ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe ƙishirwa bawan Allah yake ji, muna ta zaginsa."

Ta yi wa ɗalibanta bayani da Faransanci, sannan ta juyo ta yi mana da Hausa. Ta ce farantin sola haske yake ci, zafi kuwa raunana shi yake yi. Rana na gasa shi ta sama, kwano na gasa shi ta ƙasa, ba iskar da ke ratsawa, sai ƙarfin wutarsa ya sauka ƙasa da abin da akwatin ke buƙata kafin ya tada famfo. Da ɗari farantan sun isa, da ƙyar, shi ya sa ba a gani ba. Ta ce akwai lissafin da ake yi tun kafin a sayi kaya, a sa zafin bazarar wurin a ciki. Ta kira wata ƴar siririyar yarinya, ta tsuguna ta yi lissafin a ƙasa da tsinke, ta ce a ɗaga farantan a kan ƙafafun ƙarfe iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, a ƙara guda ɗaya. Malamar ta dubi ɗana ta ce, ba da faɗa ba, "Wannan mun yi shi a aji bayan tafiyarka."

Duk rayuwata a ƙarƙashin ranar nan na yi ta, kuma da za a bar ni da abin har in mutu ban tsammanin zai zo mini a rai cewa rana na iya yi wa sola yawa. Wataƙila da na gano, bayan lambu biyu ko uku sun bushe a hannuna, domin da haka na gano yawancin abin da na sani. Wanda ya koyar da kansa ya san abin da ya taɓa cizonsa sani na haƙiƙa, ba mai ƙwace masa. Abin da bai cije shi ba tukuna, yana nan yana jiransa a lambun wani. Yarinyar nan mai tsinke ba ta taɓa ɗaure ko waya ɗaya ba, na tabbata da an ba ta famfon ta sauke da ta jefa shi rijiya, amma ta san ciwon da bai taɓa samunta ba. Wannan ne ban iya faɗa wa ɗana ba ranar da ya durƙusa a shago, don ni ma sai ranar na gan shi a fili.

A hanyar komawa Maraɗi ni da shi ne a gaban mota. Da muka yi nisa sai ya ce, "Baba, kai ka kai kanka can?"

"Ni na kai kaina."

"Ba ka ji nauyi ba?"

"Nauyin mi? In mai saye ya nemi kaya babu a shagona, ba zuwa nake yi inda ake da su in saro ba?"

Ya yi dariya, ta farko tun shigowar bazara. Ban tada maganar sharaɗi ba, shi ma bai tada ba. Ya yi kwana biyu yana walda ƙafafun ƙarfen da hannunsa, ya ɗaga farantan, ya ƙara ɗayan, ya zauna a Jiratawa har azahar ta wuce ruwa na zuba. Da sabon mako ya kama, mahaifiyarsa ta leƙo ɗakina da sassafe tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada ta kori tsuntsu. Ta ce, "Ya ɗauki jakarsa."

Ba a yi masa rangwame ba, shekarar nan sai da ya maimaita ta, ƴan ajinsa suka wuce shi. An sake yin yajin aiki, ya sake ƙorafi, wani lokacin ma ni na taya shi. Asabar da Lahadi yana haɗa wa mutane sola, sauran kwanaki yana aji, kuma bai ƙara cewa zai bari ba.

Ranar da zai kare aikinsa na ƙarshe a gaban malamai ta faɗo Litinin, ranar kasuwa, ranar da masu lambu ke shigowa gari sayen kaya. Na sa kwaɗo na rufe shago. Muka zauna a layin gaba ni da mahaifiyarsa. Ya yi magana mai tsawo da Faransanci, na tsinci abin da na tsinta. Wani malami mai furfura ya yi ta matsa shi da tambaya, yana amsawa a tsaye ba rawar murya. Suka fita suka yi shawara suka dawo, aka ce kowa ya miƙe, aka faɗi sakamako. Kafin a gama tafi mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin, abin da aka ce ba a yi a wurin. Malaman suka yi dariya, ni kuwa ban hana ta ba.

Muna fitowa na duba waya, maƙwabcina na kasuwa ya kira har ya gaji. Na kira shi. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Mun ga shago rufe ranar Litinin, mutane sai tambaya suke wa ya rasu."

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Gaya musu ɗana ne ya gama jami'a, su dawo gobe."